Shekarar da Na Daina Cewa Na Yafe

Ku ukun nan, Sanatu da Abukari da Zeliya, kun daɗe kuna gulmata a kan abu ɗaya, kada ku yi tsammanin ban sani ba. Duk shekara idan Sha'aban ya zo ƙarshe, kowannenku zai zo ya durƙusa, ko ya bugo waya, ya ce Baba azumi ya ƙarato, ka yafe mini. Uban kowa a Tamale yana cewa na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a wuce wurin. Naku uban kuwa sai ya hau tambaya kamar ɗan sanda: kina samun barci, me kika ci jiya, wa kika ba kayanki. Zeliya ta taɓa cewa a gabana, tana zaton kunnena ya mutu, wai gafarar Baba sai an cika takarda. Ban ji haushi ba, don maganar ta ba ni dariya. Amma yanzu da hannuna ya ajiye sifana, na bar aikin makanikanci, kuma uwarku ta riga mu gidan gaskiya, bari in rubuta muku inda tambayoyin nan suka samo asali. Ita ta ba ni izini, da sharaɗin sai bayan ranta, kuma kada in ƙara gishiri.

Kun tashi kuna jin cewa a shekarar da Zeliya ta fara tafiya, Mma ta kwanta asibiti saboda olsa. Sanatu, ke kin ji wasu maganganu a hanyar makaranta, kin zo gareji kin tambaye ni, na dubi idonki na ce olsa ce. Ƙarya na yi miki. Uwarku ta yi yunƙurin kashe kanta ne a wannan shekarar, ana saura kwana ɗaya a ɗauki azumi.

Memuna, uwar taku, mace ce mai yanayi biyu, kuma tun kafin in aure ta haka take. Akwai lokacin da za ta riga ladan tashi, ta ɗora babbar tukunyar wake da shinkafa, ta kai mahaɗar Gumbihini inda rumfarta take, kafin hantsi ta sayar ta dawo ta ɗora ta biyu. A irin wannan lokaci ba ta zama, ba ta gajiya, barci kaɗan ya ishe ta. Magana kuwa, idan ta fara, sai dai ka nemi ƙofa. Yau za ta buɗe rumfa ta biyu, gobe za ta nemi gona a Gbalahi ta noma wakenta da kanta, jibi za ta kai mu Makka gaba ɗaya har da akuyar gidan. Ta taɓa share unguwarmu ta Zogbeli tun daga ƙofar gida har bakin masallaci, ba wanda ya sa ta, tana yi tana waƙa. Mutane suna cewa Fuseini fita, wato ni makaniki, ya yi sa'ar mata, hannunta akwai albarka. Ni ma haka nake cewa, ina ƙara faɗin ƙirji a cikin abokan aiki. Sai kuma ɗaya yanayin ya shigo ba sallama. Za ta kwanta ta juya fuska ga bango, tukunya ta yi sanyi, wanka sai an yi da gaske, ku yara ku hau jikinta ba ta ko ɗaga hannu. Ba kuka take yi ba, da kuka ne da sauƙi. Idan ka ce me ke miki ciwo, ta ce babu. Mako uku, mako huɗu, sai ta miƙe kamar ba ita ba, mu kuma mu ce alhamdulillahi, mu manta.

A gidanmu na gado muke zaune a lokacin, kuma Yaya Iddi, wana, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu. Shi fassararsa gajeriya ce.

"Halinta ne. Mace ce mai son a lallaɓa ta. Kai ka sangarta ta."

Matan gida kuma suka ce sammu ne, daga masu sayar da abinci a mahaɗa, don ta kwashe musu ciniki. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi, aka yanka zakara. Ni kuwa, mutumin da idan moto, wato babur, ya yi tari sau ɗaya zan faɗa maka inda ciwon yake, shekara goma sha ɗaya ina ɗaki ɗaya da mace ban taɓa kawo wa raina cewa yanayin nan biyu ciwo ɗaya ne ba. Na farkon ina kiransa ƙwazo, na biyun ina kiransa lalaci.

A wannan shekarar kwanciyar ta daɗe fiye da kowace. Wata huɗu cur. Ta rame har zoben hannunta ya riƙa zamewa. Wata rana da azahar na dawo cin abinci, na same ta zaune a bakin gado tana kallon ƙafafunta, ta ce da ni a hankali, kamar mai faɗin farashin gawayi:

"Fuseini, da babu ni da kun huta."

"Subhanallahi! Bar wannan magana, ba kyau. Yi istigfari."

Iyakar abin da na ce ke nan, na wanke hannu na koma aiki. Amma maganar ta tsaya mini, don haka na roƙi matar Yaya Iddi ta riƙa zama da ita idan na fita. Ta kuwa yi, Allah ya saka mata, mako biyar ba ta bar Memuna ita kaɗai ba.

Ana saura kwana uku azumi, uwarku ta tashi. Ta yi wanka, ta kira mai kitso, ta wanke kayanku kakaf ta ninke, ta dafa mana tuwon zafi da miyar ayoyo. Fuskarta a sake, muryarta a kwance. Washegari ta ɗaura zanenta mai kyau ta fita neman gafara. Kun san yadda muke yi kafin azumi, gida gida, a durƙusa wa manya, a kama hannun sa'o'i. Ta bi Zogbeli kaf, har gidajen da ta shekara ba ta taka ba, har wata mata da suka taɓa faɗa a kan kaza. Duk inda ta shiga sai murna. Yaya Iddi ya aika wa malamin da ya yi rubutu goro da godiya. Matarsa ta koma harkokinta, don me za a tsare mace mai tafiya da ƙafarta tana gaishe da mutane? Da yamma Memuna ta zo ta durƙusa a gabana ina gyara fitila a tsakar gida.

"Maigida, ka yafe mini duk wahalar da na ba ka."

"Na yafe, na yafe. Allah ya yafe mana. Tashi, kin ga yanzu kin zama mutum."

"Har zuciya?"

"Har zuciya mana. Kai, wannan mata!"

Na yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Ban taɓa jin sauƙi irin na ranar ba. Duk garin yana neman gafara a makon nan, tata ta shige cikin ta jama'a, ba wanda ya ga bambanci, ni da nake mijinta ma ban gani ba.

Abin da ya cece ta tukunya ce. Washegari da hantsi ina gareji, sai ga Lamisi, wata Kirista 'yar Bolga da ke sayar da kenke kusa da rumfar uwarku. Ta tsaya tana ta godiya da hannu biyu, da Hausarta mai mayar da mace namiji.

"Masta, Allah ya saka. Ka gaishe da Memuna paa. Tukunyan da ya ba ni, ban san bakin godiya ba."

"Wace tukunya?"

"Babban nan na wake. Da ludayi da akwatin gilashi duka. Na ce aro ne? Ya ce a'a, kyauta, shi ya gama da su."

Sifana tana hannuna, na ji ta yi nauyi. Kowa yana neman gafara kafin azumi, wannan gaskiya ne. Amma ba mai sayar da abincin da za ta kyautar da tukunyar sana'arta ana gobe azumi, watan da cinikin buɗa baki ya fi na kowane wata. Tukunyar nan kuwa ta uwarta ce, ko ni ba na taɓa ta. Na hau moton wani mutum da ya kawo gyara, ko birki ban gama ɗaure masa ba, na nufi gida. Ku manya biyu kuna makaranta, Zeliya kuma ta kai ta ɗakin matar Yaya Iddi, ta ce za ta ɗan kwanta. Ƙofarmu a kulle ta ciki. Na ɓalle ta da kafaɗa. Abin da na gani da abin da ta sha ba zan rubuta ba, ba shi da amfani a gare ku. Tana numfashi, shi ke nan abin da ya kamata ku sani. Wani maƙwabci mai tasi ya kai mu asibiti.

Aka shiga da ita, aka bar ni a benci. Can sai ga Yaya Iddi, babbar riga a karkace, yana haki. Ya ja ni gefe, kusa da famfo, ya rage murya.

"Za su tambaye ka. Ka ce kuskure ne, ta ɗauka maganin zazzaɓi ne. Ka ji ni?"

"Yaya, ba kuskure ba ne. Ta ba da tukunyarta."

"Na sani! Kana tsammanin ni yaro ne? Idan ka faɗa, 'yan sanda za su shigo. Ko ba su shigo ba, gari zai ji. Gidan ubanmu ne za a riƙa nunawa da baki. Kana da 'ya'ya mata biyu, ni ina da huɗu. Rufin asiri, Fuseini."

Kada ku ɗauke shi mugu. A lokacin doka tana ɗaukar wanda ya yi yunƙurin kashe kansa mai laifi, ana iya gurfanar da shi a kotu, sai daga baya aka cire wannan. Kuma abin da ya faɗa game da bakin mutane bai yi ƙarya ba. Na ce masa to. Da niyyar faɗin kuskure na shiga ofishin nas.

Nas ɗin wata 'yar kudu ce, Madam Efua, gajeriya mai tabarau, Hausarta ta kasuwa ce, amma tana kai saƙo. Ta ce an wanke cikin, matata za ta tashi. Ta buɗe takarda ta tambayi yadda aka yi. Na ce kuskure ne. Ba ta rubuta ba. Ta ajiye biro ta dube ni.

"Papa, ji nan. Idan ka ce kuskure, zan rubuta kuskure. Kwana biyu mu sallame shi, ka kai shi gida, ba magani, ba likita. Kowa ya huta. Amma wanda ya gwada sau ɗaya, yana iya sake gwadawa, kuma ba kullum ake samun mai fasa ƙofa ba. Idan ka faɗa mini gaskiya, zan kira likitan ƙwaƙwalwa. Ni ba na kiran polis, ba aikina ba ne. Kai ka zaɓa."

Ta taga ina hango Yaya Iddi yana kai da kawo. Abin da ya zo mini a rai ba wani babban tunani ba ne. A aikinmu, idan mutum ya kawo moto ya ɓoye maka cewa ya faɗi da shi, za ka gyara abin da ya nuna maka, ya hau, ƙafar gaba ta kwance a kan titi. Na ga irin wannan, na san yadda yake ƙarewa.

"Madam, ba kuskure ba ne."

Ta ɗauki biro. Daga nan na faɗa mata komai, har share unguwa, har Makka da akuya, har neman gafara. Da na zo kan neman gafarar ta girgiza kai, ta ce wannan tashi da muka yi wa murna shi ne lokaci mafi haɗari. Wani idan ya gama yanke shawara sai hankalinsa ya kwanta, ya samu ƙarfin yin sallama da raba kayansa. Wato ranar da muka janye mai tsaro ita ce ranar da ya kamata mu ƙara wani.

Aka mayar da Memuna ɓangaren masu ciwon ƙwaƙwalwa, ta yi mako shida. Likitan ya zaunar da ni ya ce ƙwazon da lalacin duk ciwo ɗaya ne, yana ɗaga mutum sama ya sako shi ƙasa, kuma yana da magani, sai dai na sha ne har tsawon rai. Na ce wana ya ce halinta ne. Ya ce akwai waɗanda ake kawo musu da matsalar a cikin hali take tun ƙuruciya, saurin fushi, tsoron a guje su, yau su so ka gobe su tsane ka, kuma su ma ba iskanci ba ne, taimako suke buƙata. Amma na Memuna daban ne, yana zuwa yana tafiya kamar damina da rani. Ya ƙara da cewa irin wannan ciwo yakan bi jini, ba dole ba, amma a sa ido. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce rabin dalilin rubutun nan.

Yanzu ga abin da gaskiyar ta ci mana. Gari ya ji, don a ɓangaren nan ba ka shiga ba a gan ka ba. Yaya Iddi ya daina amsa gaisuwata. A gida ɗaya muke, in ce masa dasiba, gaisuwarmu ta safe, ya wuce kamar iska ce ta kaɗa. Bayan sallah na kwashe ku muka kama haya a Gumbihini, kuma shekara shida bai taka ƙofata ba. Lamisi ta dawo da tukunya da kanta, a ka ta ɗauko ta, amma ciniki bai dawo ba. Mutanen da suka shekara suna layi a rumfar uwarku suka koma tsallaken titi, wai ba a cin abincin mai taɓin hankali. Duk wannan na iya ɗauka. Wanda ya fi mini zafi ita kanta Memuna ce. Ranar da aka sallame ta, a cikin tasi, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Ka tona mini asiri. Da ka bar ni, da an ce zazzaɓi ne, an yi mini jana'iza cikin mutunci."

Wata uku ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Maganin kuma ya sa ta ƙiba, ya sa mata nauyin jiki. Kwanciyar wata huɗu ba ta sake dawowa ba, amma macen nan mai share unguwa tana waƙa ita ma ba ta dawo ba. Ta yi kewarta. Ni ma, in faɗi gaskiya, na yi kewarta, kuma na ji kunyar hakan. Sau biyu ta daina shan magani a ɓoye don ta nemo ta, sau biyu muka koma wurin Madam Efua.

Ita Madam ɗin ce ta koya mini tambaya. Ta ce in daina cewa ba kyau, yi istigfari, in tambaya kai tsaye, don tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Da Sha'aban na gaba ya zo, uwarku ta durƙusa a gabana kamar yadda aka saba, ta ce in yafe mata. Sai na fara tambaya.

"Kina barci?"

"Ina yi."

"Ina tukunya?"

"Tana madafa. Je ka duba in ba ka yarda ba."

"Memuna, kina tunanin kashe kanki?"

Na ɗauka za ta tashi ta bar ni a wurin.

"Makon jiya na yi. Yau babu. In ya dawo zan faɗa maka."

"To, na yafe."

"Allah ya shirye ka, Fuseini. Mutum ya zo neman gafara a sa shi a kotu."

Ranar ce ta fara tsokanata tun bayan asibiti. Daga nan abin ya zama ƙa'ida, kowace shekara, kuma sau uku a cikin shekarun amsarta ba ta yi daɗi ba, muka tafi asibiti tun kafin a kai ga ƙofa a kulle. Da kuka girma kuka fara zuwa neman gafara, na ga ba zan iya ba ku amsar da ta kusa kashe uwarku ba. Shi ya sa kuke cika takarda.

Shekara ashirin da uku ta ƙara a duniya. Ta aurar da Sanatu, ta ga Abukari ya buɗe shagonsa, ta goya 'ya'yan Zeliya biyu. Cinikinta ya farfaɗo a hankali, bai kai na da ba, amma ya riƙe ta. Yaya Iddi, a shekarunsa na ƙarshe da haƙora suka ƙare, wakenta kaɗai yake iya ci, kuma bai taɓa ta da tsohuwar magana ba, mu ma ba mu tayar ba. Ciwon da ya ɗauke ta na ƙoda ne, kun sani, kuna wurin. Abin da ba ku ji ba shi ne maganarmu ta ranar Laraba da safe, lokacin da kuka fita neman likita. Ta kama hannuna, muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Maigida, ka yafe mini."

Bakina ya riga ni, don ya saba.

"Kina barci? Ina tu..."

Ta matse mini yatsu, har ta ɗan yi dariya.

"Tukunya tana gida, ta Sanatu ce. Wannan karon ba ni na nemi tafiya ba, Fuseini, kirana aka yi. Na jira, ka gani. Ka yafe kawai."

Na ce na yafe, ban ƙara tambaya ko ɗaya ba. Sau ɗaya ke nan a cikin shekara ashirin da uku.

Sha'aban yana tafe. Ku zo kamar yadda kuka saba, zan tambaye ku kamar yadda na saba, ku kuma ku ba ni amsar gaskiya ko da ba ta da daɗi. Ranar da ba na nan, ku riƙa tambayar juna.